Ciyawar Ramin Jiratawa

Litinin, 4 ga Yuli, 2005
Na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, lambun ƙanena Maliki. Raminsa na haɗa iskar gaz ya fara aiki. Ana sassara ɗanyar ciyawa, a cuɗa da kashin shanu da ruwa, a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Tana ruɓewa, gaz na bin tiyo zuwa risho. Ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya, babu hayaƙi. Na daɗe ina kallo. A kanta muka dafa shayi.

Alhamis, 7 ga Yuli
Na karanta rahoton ramin a gidan rediyonmu, tsakanin labarin tsadar hatsi da na yajin aiki. Na ce "ciyawar banza ta zama wuta". Jumlar ta yi mini daɗi.

Asabar, 9 ga Yuli
Maliki na ƙorafi. Ramatu, wata mata 'yar garin Tsibiri da ke yanko masa ciyawa, tana ɓata rabin yini wajen tsince-tsince kafin ta sassara. Ya ce daga yau damin na sauka a tsoma shi a ruwan kashin shanu. Haka littafi ya ce, ya fi saurin ruɓa. Na duba, gaskiya ne.

Talata, 12 ga Yuli
Na koma da rakoda. Na iske Ramatu bakin magudana, tana wanke wani ganye, ta zubar, ta sake wankewa. Tafasa ce. Daga cikin jiƙon ta tsamo ta.

"Inna, wannan fa?"

"Abincin ɗiyana ne, Malam. Da a tsabtace nike tsince ta. Yanzu sai ƙanen naka ya yi mata miya tukuna."

Har da dariya.

Rumbunsu babu ƙwaya tun kafin ruwa ya sauka. Ƙaramarta Zainabu ta kwana biyu tana zawo. Ban kunna rakodar ba.

Laraba, 13 ga Yuli
Wata uku ina karanta alƙaluman yunwa a rediyo. Kullum daidai nake karanta su.

Jumma'a, 15 ga Yuli
Na faɗa wa Maliki. Ya zauna a bakin ramin. Ya ce, "Yaya, ni na ɗauka lalaci ne." Ya tada babur, wai mu kai yarinyar likita. An ƙara mata ruwa. Ta buɗe ido wajen la'asar.

Lahadi, 17 ga Yuli
An daina jiƙon. Sai an gama tsinta ramin ke samun abin da ya rage. Wutar ta yi ƙasa, shayi ya ƙi tafasa da wuri.

Shugaban sashenmu na son a maimaita rahoton nan. Na ce kaset ɗin ya lalace.

Yau na taya Ramatu tsinta. Ashe ganyen tafasa bibbiyu yake fitowa, yana kallon juna. Hannuna har yanzu kore.