Dakalin da Ake Sauke Gawa

Zuwa ga 'yata Annezo,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya sanyin Jamus, yaya maigidanki da yara? Ni ƙalau nake, sai gwiwa, ita kuwa ba ta jin lallashi.

Likitan nan ɗan babban birninmu Atina da ya sayi gidan marigayi Zannis zai haƙa tafkin wanka. Tsakar gidan ta yi masa kaɗan, zai turo katanga taku biyu cikin lungunmu, wai takardar fili ta ba shi. A taku biyun nan dakalin dutse yake, inda ake sauke gawa matan lungu su yi bankwana kafin a haura da ita coci. Nan muka sauke uwarki.

Na je ofishin tsara gari. Wata injiniya a wurin ta ce, "Baba, ina takarda?" Na ce, "'Yar nan, wa ke yi wa dutse takarda?" Sai na shiga jero mata waɗanda suka huta a kansa, tun daga kakana: Markos mai jaki, tagwayen Kalitsa na shekarar yunwa, har talatin da bakwai. Ta miƙo min ruwa, ta ce sunaye ba sa hawa taswira.

Ubanki,
Frangulis

Annezo 'yata,

Ina fata kuna lafiya, tarin ƙaramar ya sauka.

Sun ɗauke dakalin, sun turo katangar. Yanzu da tsakar rana hasken ruwan tafkin likita ke wasa a rufin ɗakina, yana wucewa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu rakiyar gawa. Na daina ɗaga kai.

Ranar Talata ni da Lefteris kafinta muka gwada wucewa da akwatin gawa wayam a lungun. Ya ƙi shan kwana. Likita ya leƙo da tawul a wuya, wai mu bi titin mota mana, ai ya fi sauƙi. Lefteris ya ce masa, "Likita, ka saba sallamar mutane da sauri."

Ba ɗan lungun nan da ya taɓa zuwa coci ta titin mota. Ba za a fara da ni ba. Ku bi da ni ta lungu, ku sauke ni ƙasa a gindin katangarsa, ko baƙinsa na cikin ruwa. Na sa Lefteris ya rage faɗin nawa akwatin, an gwada, ya wuce. Sai dai a kaikaice za ku kwantar da ni. Kada ki yi kuka a kan wannan. Shekara hamsin haka nake kwanciya don uwarki ta samu wuri.

Ki gaishe min da kowa.

Ubanki,
Frangulis