Yaya, Na Daina Aikin "Sai Bayan Hajji"

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga yayana Habibu a Kano, da fatan jiki yana sauƙi. A gaida min Anti Maryam da yara.

Saƙonka ya iso ni, cewa na zubar maka da mutunci a unguwar Hindawiyya nan Makka, wai na nemi kafin alƙalami a hannun abokinka Alhaji Tanimu kafin in taɓa masa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ƙwarai na nema. Kuma a bainar jama'a zan ba ka amsa, don masu sana'a irin tamu su gani. Shi ma in ya so ya karanta.

Ka tuna shekarar da muka gyara na'urorin sanyi a benensa da yake saukar da alhazai? Lif a lalace, a kafaɗa muka yi ta hawa da su, rigarka sharkaf da gumi. Gas da kayan gyara duk daga aljihunka. Da na ce a rubuta fatura, takardar shaidar kuɗin aiki, harara ka watsa min. Ka ce, "A garin Ka'aba wa zai ci amana?"

Da aka zo batun biya, Alhaji Tanimu ya ce sai bayan Hajji. Hajji ya wuce, ya ce sai bayan azumi. Kai kuma kullum, "Ƙyale shi, mutumin kirki ne."

Da likita ya ce sai an riƙa yi maka wankin ƙoda, ka tattara ka koma gida, na je ofishin Alhaji Tanimu neman kuɗinka. Wannan ban taɓa gaya maka ba. Ya zuba min shayi, ya yi maka addu'a mai tsawo, sannan ya dube ni ya tambaya ko ina da wata takarda. Na sauko daga benen nan hannu wofi. A makon Anti ta sayar da sarƙarta don kuɗin asibitinka. Wannan ne mutuncin da kake cewa na zubar?

To ka ji yadda shagonka yake yanzu. Ba na ɗaga sukudireba sai an ba da rabi. Kafin in fara, ina tura wa mutum farashi a waya, ya amsa a rubuce. Ina gamawa, a tsaye a wurin, nake fitar da fatura. Mai cewa ba tsaba a jikinsa, ga na'urar shabaka ta biyan kuɗi, ya sa katin banki. Na lallaɓi kafili, ɗan ƙasar da yake tsaye mana, ya samo mana ita, wadda kai ka ce kayan 'yan boko ce. Wanda ya wuce ranar biya, ina tuna masa da ladabi, in bai motsa ba, ba zai sake ganin ƙafata ba.

Na kuma koyi gyaran sibilit, mukayyif na zamani mai manne a bango, wanda ka ƙi kulawa, kana cewa ta taga ba za ta taɓa mutuwa ba. Yaya, ka zo unguwar Rusaifa ka ga sababbin gidaje, duk sibilit ne. Wasu abokan cinikinka sun yi fushi sun tafi. Da na duba, waɗanda dama ba sa biya ne.

Ba raina ka nake yi ba. Kai ka kawo ni ƙasar nan, kai ka koya min gane ciwon kwamfiresa da kunne. Abin da yake ƙona min rai shi ne kana kwance ana juya jininka a inji, har yanzu kana jin kunyar mutanen da ba su ji kunyarka ba.

Jiya wata tsohuwa 'yar Nijar a unguwar Zahir ta kira ni, ɗakinta kamar tanderu. Na gyara mata mukayyif, ta fara kwance bakin mayafi, na ce ta bar shi. Da bakina na faɗa, ba wanda ya ƙwace. Na ce mata yayana ba shi da lafiya, sunansa Habibu. Na baro ta tana ta maimaita sunan don kada ta manta.

Allah Ya amsa mata. Allah Ya tashi kafaɗunka, Ya sa kaffara ne, Ya huce zuciyarka a kaina.

Ƙaninka,
Sabi'u, daga Makka.