An Ƙara wa Lawal Shekara Uku

Daga Runka, ƙasar Safana, zuwa ga ƙanena Malam Sani a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya, sai tsufa.

Bayan haka, jikana Lawal, ɗan marigayi Abdu, ya ci jarrabawa. Na yi murna har na yanka zakara. Amma an sauya tsarin makarantarsu ta Katsina. Da bana zai gama Midil ya kama aikin malanta a ofishin Hakimi, kusa da mu. Yanzu an mai da ita sakandare, an ƙara masu shekara uku, wai a shirya su shiga kwaleji.

Hedimasta ya aiko da takarda, ko in yarda ko yaron ya dawo gida. Kakarsa ta ce, "Malam, ka yi kamar ba ka gane ta ba har lokaci ya wuce, su sako mini mijina." Na ce duk Runka ta san ina zuwa ajin yamma na yaƙi da jahilci, wa zai yarda? Lawal kuwa, da yake ya zo hutu, ya sunkuyar da kai, ya ce mini, "Kaka, ina so."

Ban dangwala yatsa ba. Da hannuna na rubuta sunana, karo na farko a takardar hukuma. Ranar Talata ya tafi. Gonar fadama ba mai noma ta bana, kakarsa kuma ba ta yi mini magana sai dole.

Ka gaida Hajara da yara. Ka sa ni a addu'a, Allah ya kai ni ƙarshen shekara ukun nan.

Yayanka, Isiyaku.