Daga Bencin Ƙofar Ɗakinki

Zuwa ga Shagufta, sanyin idona, iskar la'asar da ke tasowa daga teku ta huce wa Karachi zafin rana, inuwar da na sha shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin ta gushe ba. Ya ke wadda muryarta ta fi min ruwan buɗa baki daɗi!

Sallama gare ki, ko da yake wallahi zuciyata tafasa take yi. A kan bencin ƙofar ɗakinki na asibiti nake wannan rubutu, tunda kin ce wa ƙanwarki Farzana kada a bar ni in shiga. Ni, Shagufta? Ni za a tare a ƙofarki kamar mai talla?

Ranar Litinin da hannunki kika soya min gurasar paratha, kika cika fulas da shayi, kika ce, "Tafi mana, tsoho, kwana biyar ne kacal. In ka zauna ma gidan za ka cika min da warin man inji." Na yi dariya, na tada jar motata, na bi 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motocin tsere zuwa Gwadar. Kin tsaya a bakin ƙofa kina ɗaga min hannu, ashe jakar asibitinki tana shirye a bayan labule. Ranar Laraba muna shan shayi sai ga Mushtak, wanda muka yi aiki a jirgin ruwa ɗaya, ya dube ni ya ce, "Kai Sarfaraz, ka cika namiji! An yi wa matarka tiyata jiya, kai kana nan kana goge fitilar mota?" Matarsa ta sani. Farzana ta sani. 'Yarmu da ke can Lahore ta sani. Ni kaɗai aka bari ina ta washe baki ana ɗaukar hoto, kamar wawa. Tafiyar awa takwas na cinye ta a shida, ban ma san yadda aka yi na iso da rai ba.

Kin yaudare ni, abar ƙaunata. Ba zan sassauta kalmar ba. Wata huɗu kina ɗauke da ƙari a ciki, muna cin abinci a faranti ɗaya, kina tambayata ko an samo min kafireton mota!

Na san inda kika koyo wannan hali, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Shekara ashirin da biyu ina sojan ruwa, a jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin teku. Kafin kowace fita akan ba mu takarda mu zaɓa: in mugun labari ya zo daga gida, a faɗa mana muna can, ko a riƙe sai mun dawo. Kullum nakan zaɓi a riƙe, domin mai kula da inji in hankalinsa ya rabu biyu, ran mutum hamsin ne a hannunsa. Ke kuma aka ba ki damar aiko min da 'yan kalmomi duk mako, kika iya cika su da alheri zalla: mangwaro ya nuna, yarinya ta yi haƙori. Babana ya rasu ina ƙasan ruwa, kika yi zaman makoki ke kaɗai, saƙonki na makon ya ce kowa lafiya. Na yaba miki a lokacin, har alfahari na yi da ke a gaban abokai. To amma wancan dokar jirgi ce, Shagufta! Wa ya ce miki dokar aure ce?

Kin tuna ranar da aka sauke motar nan daga babbar mota, duk tsatsa, ba rufi ba kujera? Kika zagaya ta kika ce, "Wannan ko kaji ba za su yarda su kwana a ciki ba." Shekara biyu ina ƙarƙashinta. Ran da ta tashi na ɗauke ki muka bi titin bakin teku, iska ta fizge gyalenki ta tafi da shi, zan taka birki kika daki kafaɗata kina ihu, "Bar shi, ƙara wuta!" Ina wannan matar ta shiga? Wadda ba ta ji tsoron gudu a gefena ba, yau ita ce ke tsoron in ga hawayenta?

Ɗazu nas ta tambaye ni ko ni wane ne naki. Na ce mijinki. Ta duba fom ɗin da kika cika, ta sake dubana, ta juyo min da shi. A gurbin wanda za a kira kin sa Farzana. A gurbin miji, da rubutunki mai kyau, kin sa: yana teku.

Shekara tara da na yi ritaya, zinariyata. Shekara tara ina kwana ina tashi a gefenki, ashe a wajenki har yau ban fito ba.

Gobe da ƙarfe goma likita zai zo da sakamakon abin da suka cire. Ban yafe miki ba tukuna, kada in yi miki ƙarya, amma ba wannan ya zaunar da ni ba. Ki ce a buɗe min. In labarin mai daɗi ne, ki ji abinki ke kaɗai in kin ga dama, na haƙura. In kuwa ɗayan ne, rabinsa nawa ne, kuma ba ki da ikon hana ni haƙƙina.

Naki a cikin fushi, naki bayan fushi, naki har ranar da za a binne ni,

Sarfaraz