Wasiƙar Da Ba Inuwa Ya Rubuta Ba

Al-Oud, Riyad
Talata, 10 ga Yuli, 1979

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Maƙwabciyarmu Hajiya Sabuwa tana tsaye a kaina yanzu haka, tana cewa in rage gaisuwa, wai ku mutanen Kano kun san ana gaishe ku ko ba a rubuta ba, kuma ɗan ƙanwarta Basiru da zai kawo miki wannan takarda ba zai jira ni ba in motar Jidda ta cika. Duk da haka sai na gaishe ki. Ina fata kuna lafiya, ke da Alhaji da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya raya mana zuri'a, ya ba Inna tsawon rai. Mu nan lafiyar jiki ƙalau. Maigidana Abdulƙadir yana ta aikin tafinta a kamfanin gine-gine, garin kuma kullum rushe shi ake yi ana sake ginawa. Musbahu ya fara tafiya. Ruƙayyatu ta shiga shekara tara, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Ki samu wuri ki zauna, kada ki karanta a gaban kowa.

Yaya, akwai wata wasiƙa a kan hanya zuwa wurin Inna a Funtuwa, da sunan Yaya Inuwa a ƙasanta. Ba shi ya rubuta ba. Ruƙayyatu ce ta rubuta. Tana cikin ƙunshin tsarabar da na ba Malam Maiwada, direban nan ɗan unguwarmu da ke aiki a nan, wanda ya tafi hutu ranar Alhamis da ta wuce. Abin da nake roƙonki shi ne ki karɓe ta kafin ta isa hannun Inna. Sauran duk bayani ne, amma ki karanta, don za ki buƙace shi in kin tsaya gaban Malam Maiwada.

Kin tuna na ba ki labarin talabijin mai launi da Abdulƙadir ya sayo a kasuwar Batha. A cikinta akwai wani shirin yara da ake nunawa bayan la'asar, zane ne mai motsi, mutanen Japan suka yi shi, aka sa masa muryoyin Larabci. Wasu yara ne matasa masu manya-manyan idanu, suna tuƙa ƙananan jiragen sama a lokacin yaƙi. Ba su ɗaukar bindiga, jakar wasiƙu kawai suke ɗauka, daga fagen fama zuwa garuruwan iyayen sojoji. Ana harbinsu daga ƙasa, hadari yana kaɗa su, mai yana ƙare musu, amma sun yi rantsuwa cewa duk wasiƙar da ta shiga jakarsu sai ta isa. Idan aka fara kiɗan shirin, layinmu tsit yake yi kamar an kwashe yaran. Ni kuwa murna nake yi, don Larabcin da suke yi a ciki irin na littafi ne, kuma ina samun rabin awa in yi guga. Har na taɓa yi wa Abdulƙadir dogon bayani a kan yadda mutanen da aka ci da yaƙi suka fi kowa iya ba da labarinsa. Na yi shekara uku ina karatun tarihi a Zariya, ai dole in yi amfani da shi a wani wuri.

Wata biyu da suka wuce an nuna wani kashi da na kalla da rabin ido. Wata tsohuwa ce take fitowa bakin ƙofa kullum in ta ji ƙarar jirgi, tana tambayar yarinyar da ke tuƙa shi ko ɗanta ya aiko. Yarinyar ta gano ɗan ya mutu tun tuni. Sai ta zauna a ƙarƙashin fiffiken jirginta, ta rubuta wasiƙa da sunansa, ta kai wa tsohuwar. Tsohuwa ta yi murmushi, aka sa kiɗa mai daɗi, shiri ya ƙare. Ba a nuna abin da ya faru washegari ba. Na tuna na juyo na ga Ruƙayyatu ta ƙura wa talabijin ido ko da aka koma labarai, na ce mata ta tashi ta kwashe shanya.

Ta san labarin kawunta, don ni na faɗa mata. Ta san ya tafi yaƙin basasa kafin a haife ta, wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo daga bakin kogi a Asaba, daga nan babu gawa, babu labari. Bara da muka zo gida ta ga ɗakinsa da Inna ke sharewa kullum, ta ga yadda Inna ke miƙewa in ta ji ƙararrawar keken mai kawo wasiƙu. Kuma tana zaune ranar da wani alhaji ya ce wa Inna ya ga mai kama da Inuwa a cikin masu ɗawafi. Mu duka mun san alhajin nan ko ƙofar gidansa ba ya gani sosai, amma Inna ta riƙe maganar, har ta ce mini in riƙa duba fuskokin mutane a Saudiyya, kamar ƙasar duka zaure ɗaya ce.

Bayan wancan kashin sai yarinyar ta fara tambayata Hausa. Kin san yadda nake fama da ita, in na yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Kwatsam sai ga ta tana so ta san yadda ɗa ke gaida mahaifiyarsa in ya daɗe ba su haɗu ba, yadda ake cewa a yafe mini, yadda ake cewa ina nan tafe. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi wa matan unguwa alfahari. Ta roƙe ni in karanta mata wasiƙar Yaya Inuwa ta ƙarshe, wadda kin san tana wurina, na karanta mata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ɗauka ina koya wa 'yata harshen gidansu ne. Ashe kayan aiki nake ba ta.

Jiya da hantsi ina neman almakashi a jakar makarantarta sai na ci karo da littafin rubutunta. Shafi shida, duk gwaji ne na wasiƙa ɗaya, da baƙaƙen Larabci, kowanne ya fi na baya tsabta. Ta buɗe da irin gaisuwar da yake yi, ta kira Inna da sunan nan da shi kaɗai ke kiranta da shi, Innar Gidan Rijiya. Ta ce yana raye, yana ƙasa mai tsarki, ciwo ne ya hana shi rubutu duk shekarun nan. Ta ce a ajiye masa dambun nama. A ƙarshe ta ce yana nan tafe da ƙaramar sallah. Yaya, ni da na san rubutun 'yata, na san inda ta samo kowace kalma, sai da wasiƙar ta ruɗe ni. Na ɗan lokaci, a tsaye a tsakar ɗaki, na ji muryarsa. To ina ga Inna, wadda ba rubutun za ta gani ba, Malam Isma'il ne zai karanta mata da babbar muryar nan tasa a zaure, mutanen unguwa suna saurare?

Da na kira ta ba ta musa ba. Ta ce ta bakwai ɗin ce ta fi kyau, ita ta sa a ambulan, ta cusa tsakanin turaren wuta da dabino a daren da nake ɗaure tsarabar Inna. Ta ce ta rubuta a baya cewa a ba Inna hannu da hannu. Na tambaye ta abin da take tsammanin zai faru ranar sallah in Inna ta dafa abinci ta zauna jira. Ta ce sai a sake rubuta wata, a ce jirginsa ya lalace. Ta riga ta shirya wannan ma. Ban dake ta ba.

Kin san abin da likita ya faɗa bara game da hawan jinin Inna, cewa kada a kai mata labari mai nauyi ba shiri, mai daɗi ko marar daɗi. Wannan kuwa duka biyun ne. In murnar ba ta kayar da ita ba, ranar sallah tana nan zuwa, sauran wata ɗaya da rabi. Shekara goma sha biyu ta yi tana jira ba ranar da aka sa mata, ta iya wannan jiran. Wanda aka sa wa rana ne ban san ko za ta iya ba.

Mun yi abin da za mu iya daga nan. Malam Maiwada ya ce zai yi umara, ya ziyarci Madina, sannan ya hau jirgin Lahadi daga Jidda zuwa Kano. Abdulƙadir ya so ya bi shi, amma fita daga Riyad sai da takardar kafili, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamanmu, shi kuma yana ƙasar waje sai mako mai zuwa. Fasfonmu ma yana kulle a ofishinsa, balle in ce zan taho da kaina. Na buga miki waya ta telegiram jiya, amma kalma goma ba za ta ɗauki wannan magana ba, kuma wadda na buga lokacin haihuwar Musbahu bayan suna ta same ku. Saura Basiru. Ɗalibi ne a nan, jirginsa na Alhamis ne, ya yi alkawari daga filin jirgi gidanki zai fara zuwa. In komai ya tafi daidai kina da kwana uku. Abin da ya hana ni cin abinci tun jiya shi ne Malam Maiwada ya faɗa wa Abdulƙadir cewa in ya samu kujera kafin Lahadi zai hau, don matarsa ta kusa haihuwa.

Ga abin da za ki yi. Yana sauka ne a gidan wansa a Fagge, kusa da masu ɗinkin hula, Alhaji ya san gidan. Ki aika a tambaya ranar da wannan ta same ki, kada ki bari sai gobe. In bai iso ba, ki sa a tsaya masa a filin jirgi ranar Lahadi. In ya iso ya wuce, ki hau mota zuwa Funtuwa a ranar. Kuma ki shirya, ba zai ba ki cikin sauƙi ba. Kin san dalilin da ya sa kowa a nan yake ba shi saƙo: bai taɓa buɗe ƙunshin wani ba, bai taɓa ba wani saƙon wani ba, ko miji ne ko uba. An ce ya taɓa kwana biyu a Malumfashi yana jiran wata mata ta dawo daga biki, ya ƙi ba 'yarta ambulan. Shekara huɗu ina yabon wannan hali nasa, yau shi nake tsoro. Ki nuna masa wannan takardar, ya san rubutuna. Na haɗa da shafi ɗaya daga littafin Ruƙayyatu don ya gani da idonsa. Ki ce masa ni da na ba shi amanar ni nake janye ta. Ambulan ne fari ƙarami, sauran tsarabar ya kai mata.

In kuma ya riga ki, Yaya, ban san me zan ce miki ba. Na juya abin ta kowace fuska. Kada dai ki faɗa mata gaskiya ke kaɗai. Ki kira Kawu Abdulwahid, ki tabbata ta sha maganinta, kuma ki ce laifina ne, don nawa ne. Kada a ambaci sunan yarinyar a gabanta. Ita ce jikar da Inna ta fi so, ba na so ta rasa mutum biyu a rana ɗaya.

In kin karɓi wasiƙar kada ki ƙona ta. Ki ajiye mini. Ban san dalili ba tukuna.

Ki gaida Alhaji, ki gaida Rabi da Maimunatu da sauran yara, da Gwaggo Azumi in ta zo. In kin ga Inna lafiya, ki gaishe ta, ki ce mata turaren daga Batha yake, irin wanda take so. Abdulƙadir yana gaisuwa, ya riga ya tayar da mota, shi zai kai mu tashar da Basiru ke jira. Hajiya Sabuwa ta ɗauki Musbahu ta fita tana faɗa.

Ruƙayyatu ba ta yi mini magana ba tun jiya, sai yanzu da ta ga ina neman ambulan. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, da Larabcin nan nata na talabijin, a shirinsu akwai masu kai wasiƙa, akwai kuma waɗanda ke ƙasa suna harbo jirgi, kuma yanzu ta san ko ni wace ce. Ni kuwa ban ga inda ta yi kuskure ba. La'asar ta yi, ina jin kiɗan shirin daga gidajen maƙwabta. Tamu talabijin a kashe take, ita kuma tana zaune a gabanta. Zan liƙe wannan, in ja ƙofa, in tafi. Allah ya sa ki riga shi.

Ƙanwarki,
Hindatu