Garkena a Randar Iya

Talata, 11 ga Fabrairu, 2025

Abin da zan rubuta yanzu ko Lubna ban gaya mawa ba, ita da muke musayar littattafan soyayya a ƙarƙashin hijabi. Ba son noma ne ya sa na ɗaga hannu yau a aji ba. Nurain ne.

Malama Zuwairatu mai koya mana aikin gona ta dawo daga wani taro a Katsina da gwangwanin madara cike da jajayen tsutsotsi, dangin tanar nan ta damina amma sirara. Ta ce ɓawo da ganye suke ci su mayar da shi taki, wa za ta kai gida ta gwada? Aji ya ɗauki tir da a'uzubillahi. Sai ta ƙara da cewa duk wadda ta ɗauka, za ta riƙa zuwa gidansu dubawa. To wa ke kai Malama ko'ina a mashin? Ƙanenta Nurain, wanda bai ma san ina duniya ba. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba, ni da ko "ina kwana" sai na haɗiyi yawu.

Akwai wasiƙar da na rubuta mashi tun hutun da ya wuce, tana tsakiyar littafina mai jan bango. Ba zan ba shi ba. Ko dai zan ba shi. A littafi ta irin wannan hanya ake haɗuwa, sai dai ban taɓa karanta wanda ya fara da tsutsa ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na yi masu gida. Tsohon bokitin fenti, na huda gindinsa da ƙusa mai zafi, na zuba busasshen ganyen mangwaro da ƙaiƙayi da tsohon kashin awaki wanda ya huce. Na yayyafa ruwa har ya zama kamar tsumman da aka matse. Da na juye su, nan take suka nutse. Ba sa son haske, ba sa son a kalle su. Kamar ni in an yi baƙi.

Inna ta ce, "Muhsina, mutane na share ƙazanta su fitar, ke kin shigo da ita har da yi mata shimfiɗa?"

Iya, kakata, ta ce, "Bar ta, Saude, ta samu garkenta. Wannan ko ɓarayin daji ba su korawa."

Ita kaɗai ta yi dariya. Baba na alwala a bakin rariya, kuma tun da aka kore mana shanu a Runka muka dawo Safana ba a ambaton garke a gabansa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Takardar da Malama ta ba ni ta ce a ciyar da su da sharar kicin. Wanda ya rubuta bai san gidanmu ba. Mu ba mu da shara. Ɓawon dankali na akuyar Inna ne, dusa ta kaji ce, ƙanzo namu ne mu mutane, hatta ƙasari yana da mai shi. Na ɗauki ɓawo ɗan cikin tafi, Inna ta kama ni. "Akuyata tana ba ni 'ya'ya. Su me za su ba ni?"

Dole na fita nema. Na je wajen matar da ke sayar da kayan miya a layinmu, na tsaya ina murza bakin hijabi har ta ce, "Ke, kurma ce?" Sai na faɗa. Ta yi dariya ta tara mani lalataccen alayyafo da ganyen kabeji. Banda albasa, banda attaruhu, banda duk abin da ya taɓa gishiri ko mai.

Na yi magana da baƙuwa da bakina, kuma ban mutu ba.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya yi wa garkena rana. Ɓawon kankana ko'ina, har akuya ta ƙoshi ta juya kai. Suna ci, suna ƙiba. Ina ganin na iya abin nan.

Bayan shan ruwa na ji Baba yana gaya wa Inna gonar aron da aka ba shi bayan gari ta mutu. Bara geron ko ƙugu bai kai ba. Ba shanu balle taki, na zamani kuma ya fi ƙarfinsa. Ya ce in bana ma haka za a yi, gara ya riƙa komawa gonarmu ta Runka. Inna ta ce, "Malam, hanyar nan?" Maƙwabcinmu na can ta wannan hanyar ya tafi, har yau bai dawo ba.

Na kasa cin ƙosan da ke hannuna.

Lahadi, 16 ga Maris

Wayyo. Na cika masu kankana don in ga sun yi sauri, zafi kuma ya taso, bokitin roba ya zama tukunya. Da na ɗaga buhun da na rufe su, wari ya buge ni. Wasu sun hau bango suna neman gudu, wasu sun narke. Fiye da rabi.

Inna ta toshe hanci ta ce kafin la'asar ta ga bokitin a bola. Na yi kuka, ba irin na littafi ba da hawaye ke gangarowa a hankali. Har da majina.

Litinin, 17 ga Maris

Ban kai su bola ba, na ɓoye waɗanda suka rayu a kasko bayan murhu. Iya ta gan ni.

"Mi aka yi? Kin dafa garken naki?" Ta leƙa bokitin. "Wa ya taɓa aje abu mai rai cikin roba da bazara? Ke ruwan roba kike sha, ko na randa?"

Ta sa na jawo tsohuwar randarta daga ƙarƙashin gado. Wadda ta rungumo a bayan akori-kura ranar da muka baro Runka, ta tsage a hanya, ta ƙi yarda a yar. Ta ce ba ta riƙe ruwa yanzu, amma tana riƙe sanyi. Muka girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi gindin mangwaro kamar yadda ake yi wa randar sha, muka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, da faifai da dutse a sama saboda kaji. Tsagar ma ta yi amfani, ruwan da ya yi yawa ta nan yake tsiyayewa.

Inna ta buɗe baki, Iya ta ce, "Randata ce." Magana ta ƙare.

Alhamis, 20 ga Maris

Na ba Malama labari a makaranta, ta ce cikin randar ya jiƙe da yawa, a sa busasshen abu, takarda ko kwali. Kwalin gidanmu na hura wuta ne. Takarda kuwa, daga littattafan makaranta sai nawa na soyayya.

Na daɗe ina kallon mai jan bangon. Na karanta shi har na haddace, bangon ya rabu, ƙarshensa ya ɓace tun a hannun Lubna. Na zare wasiƙar Nurain na ajiye gefe. Zan fara yagawa sai idona ya faɗa kan "in sha Allahu" a shafin farko. Sunan Allah cikin kashin awaki!

Na ɗauko reza. Shafi bayan shafi, duk inda aka ambaci Allah ko Annabi na yanke na sa a gwangwani. Ashe masoyan nan ba sa buɗe baki sai sun rantse. Wallahi a nan, tallahi a can. Wuni guda na yi, da azumi a bakina.

Juma'a, 21 ga Maris

Inna ta ga rubutu a cikin randa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Takarda mai rubutu? Kin san abin da ke ciki? Neman tsinuwa kike mana a watan azumi?"

Da can sai in sunkuyar da kai in yi ta kuka har a gama. Yau na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin na zazzage a faifai gabanta, na ɗaga mata wani shafi duk huji kamar rariya. Na ce, "Inna, ko ɗaya bai shiga ba. Na bi sau biyu."

Ta tsakuri yankakkun tana dubawa. Iya ta ce, "Ɗiyar nan ta fi wasu masu rawani tsoron Allah." Inna ta tattara yankakkun. Ita da kanta ta ƙone su a wuri mai tsabta ta binne tokar. Da yamma na tarar da ɓawon dankali a kan faifan randa. Akuya na kallona kamar na ci mata gado.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Da sabon lallena na tona randa. Lubna ta ce na haukace.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙwai! Ƙanana kamar ƙwayar dawa, ruwan ɗorawa. Da jarirai farare kamar zare. Garkena ya haihu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Malama ta zo. Da shi.

Ya tsaya a zaure, Malama ta ce in ɗebo a kasko ya gani. Sau nawa na tsara wannan ranar a kaina: zan sunkuyar da kai, zai ce wani abu mai daɗi, iska za ta ɗan kaɗa mayafina. Sai ga shi ya leƙa kaskon ya ja da baya. "Kai! Da hannu kike taɓawa?"

Na ce, "Ba sa cizo. Shinshina ka ji." Ban san daga ina maganar ta riƙa fitowa ba. Na gaya mashi zancen roba da randa, da yadda ake zuba abinci gefe guda su koma can a kwashe takin ɗaya gefen, da yadda baƙin takin ke ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari. Yana ta duba wayarsa. Malama ce ke tambaya, har ta ce ran Laraba ni zan yi wa aji bayani.

Bayan sun tafi Lubna ta zo da gudu, wace riga ya sa? Na yi ta tunani. Wallahi ban lura ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na yi bayanin a aji, daga farko har ƙarshe.

Na roƙi Iya ta sa a ɗebo mani ƙasar gonar aron Baba. Na cika gwangwani biyu, ɗaya ƙasar zalla, ɗaya na gauraya da tafi guda na takina. Na shuka gero a kowanne, na jera su daidai inda Baba ke alwala. Ba don komai ba, wurin ne ke da ruwa.

To, don komai ne.

Asabar, 24 ga Mayu

Ko makaho ya shafa zai gane. Ɗaya rawaya, siriri kamar tsinke. Ɗaya kore shar, ya ninka shi.

Da asuba ina leƙe ta labule, Baba ya gama alwala bai tashi ba. Ya tsuguna gaban gwangwanayen, ya tsakuri ƙasar koren ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe. Ya tambayi Inna na wane ne, ta ce, "Na mai garke." Ya ce, "Hm." Ya tafi masallaci.

Hm kawai. Na wuni ina juya ta.

Asabar, 31 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Baba ya kai fartanyarsa maƙera, kuma na ji yana tambayar wani mai mashin labarin hanyar Runka.

Takina buhu guda ne, bai ma cika ba. Na san ba zai cika rumbu ba, ni ba yarinya ba ce. Amma in aka sa tafi guda a kowane ramin shuka zai ishi kunya biyu. In Baba ya ga kunya biyun nan a tsakiyar gonar da ya ce ta mutu, zai san ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji. Maƙwabta biyu sun ce za su ba ni fasassun randunansu. Baɗi sai mu ga.

Matsalar, a gidanmu ɗiya ba ta yi wa uba zancen gona. Yaya Shafi'u ne mai wannan bakin, shi kuma yana Kano. Na ce Iya ta faɗa mashi. Ta ce, "Ni na yi kiwon? Mai garke ke shiga kasuwa."

Litinin, 2 ga Yuni

An yi ruwa, ƙasa ta jiƙu sosai. Jibi za a yi shuka.

Na gwada maganar gaban madubi, daga "Baba" sai murya ta maƙale. Don haka na rubuta. Gajeruwa ce, babu kalmar littafi ko ɗaya. Na gaishe shi, na ce ina roƙon aron kunya biyu a gonar bayan gari, in sa takina, in gero bai fi na gefensa ba ba zan ƙara magana ba. A ƙasa na rubuta: Baba, don Allah kada ka bi hanyar Runka bana. Na soke, na sake rubutawa.

Da nake neman ambulan na ci karo da waccan wasiƙar, ta Nurain. Na karanta. Shafi huɗu! Wai shi ne farin watan da ke haska daren zuciyata. Randa kuma na neman busasshiyar takarda bayan ruwan nan. Na yanke wallahi guda biyu da reza, sauran na yayyaga masu. Ba wai na daina son shi ba ne. Takarda ce dai ta yi ƙaranci.

Inna ta ce in kawo wasiƙar Baba ta sa mashi a ƙarƙashin kwanon tuwo. Na ce a'a. Gobe in na kai mashi koko zan durƙusa in miƙa da hannuna, kuma ba zan gudu ba sai ya gama karantawa. In ya ce "Hm," zan tambaye shi wace iri ce.