Kaka ta ce in auna mata Kano

Daren Talata, Sha'aban 1388

Na gaji, idanuna har zafi suke yi. Malama ta ba mu aikin gida, mu nemo nisan Landan da Rum da awannin da jirgin sama ke yi. Na auna da zare a taswira, na samu wajen awa biyu da rabi.

Kaka na gefe tana tsince shinkafa, ta ce, "'Yar boko, auna mini Kano." Na ce kamar awa shida ne.

Su Kaka shekara huɗu suka yi a hanya da ƙafa daga Kano, da suka taho aikin hajji suka zauna a nan. Can ta ce, "Wato asuba a nan, azahar a gidanmu?"

Na ce e. Na kasa gaya mata likita ya ce wa Baba ba za ta iya tafiya ba.